Ranar da Hajiya ta aike ni sama

Ummi, jiya kin dawo daga makaranta kina huci, wai wata yarinya ta ƙaryata ki da kika ce mamanki ta taɓa tuƙa jirgin sama. Na lallashe ki kin haƙura, amma abin ya tsaya min a rai, don labarin nan ya daɗe yana yawo a unguwarmu har ya yi rassa. Matan layinmu cewa suke ni kaɗai na ɗaga jirgi na zagaye Daura na dire shi. Babanku kuma in ya so tsokanata sai ya ce tun daga ƙasa ake jiyo ihuna. Duka biyun ba haka aka yi ba. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na samu a Islamiyya, amma Allah ya ba ni ido, kuma abin da na gani ba ya ɓace min. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi, ke da ƙaninki, tun ni ma ban fara ƙara wa labarin gishiri ba. Akwai kuma maganar da na yi a kanki a ranar, kina jaririya ba ki san ana yi ba, ya kamata ki san da ita.

A shekarar da na haife ki babu wanda ya kai ni tsoro a gidan nan. In na kashe risho sai na koma na duba, in na duba sai na sake komawa na taɓa shi da hannu. In kina barci ina kara yatsa a hancinki in ji ko kina numfashi. Duk ranar da babanku ya tafi kasuwar Mai'adua da buhunan wakensa ba na iya cin abincin kirki sai na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Gwaggonki Bilki, ƙanwar babanku kuma autar Hajiya, ita ta laƙaba min suna Uwar Fargaba, har maƙwabta suka ɗauka.

Mutum ɗaya ce ba ta yi min dariya, wato Hajiya kakarku, wadda kika ci sunanta, shi ya sa ba kya jin na kira ki da shi. Ita ma tana da nata tsoron, sai dai nata yana da tushe. Kakanku ya rasu ne a hanyar Kongolam. Ya fita shi kaɗai a kan babur, ciwo ya taso masa a hanya, ya sauka ya jingina da wata bishiya, babu mai ba shi ruwa, babu wanda zai kira. Makiyaya ne suka tarar da shi bayan rai ya yi halinsa. Tun daga nan Hajiya ta kafa doka a gidanta: ɗanta ba ya tafiya shi kaɗai. Babanku da gemunsa da komai, in zai bar gari sai ya nemi abokin tafiya, ko da kuwa shi zai goya shi kyauta. To da Bilki ta ci jarrabawa aka ɗauke ta makarantar koyon tuƙin jirgi a can kudu da mu, gida ya ɗauki guɗa, Hajiya kuwa ta ajiye tata maganar sai ranar tafiya. Ina tsaye riƙe da jakar Bilki ta ce mata:

"Na yarda ki je, Allah ya yi miki albarka. Abu ɗaya za ki riƙe min. Kada ki taɓa tashi ke kaɗai. Duk inda za ki, da malaminki a gefenki."

"To, Hajiya."

Murna ce ta sa ta amsa da sauri haka. Ni ma a lokacin har gyaɗa kai na yi, don na ga maganar ta yi daidai.

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai ga Bilki ta dawo hutu. Ta rame, surutunta ya ragu. Da na matsa mata sai ta ce min saukar jirgi ce ta gagare ta. Tashi ta iya, juyi ta iya, da can saukar ma tana yi lafiya lau, amma kwanan nan duk wadda ta yi sai ta lalace. Malamarta ta ce ta zo gida ta huta, in ta koma bai gyaru ba, dole ta bar gurbin ga wani. Ban san me ake nufi da lalacewar sauka ba, amma na san fuskar mutumin da abin da yake so ke zame masa daga hannu.

Washegari da safe na fito na tarar ta mayar mana da tsakar gida filin jirgi. Ta ja layi biyu da toka tun daga bakin rijiya har ƙofar kicin, wai titin sauka ke nan. Ta kife turmi ta zauna a kai, ta riƙe murfin tukunya da hannun hagu, ta ajiye muciya a kan kujera a damanta, ta ɗora ƙafafunta a kan silifa biyu.

"Matar Yaya, zo ki zama malamata. Zauna nan dama."

"Ni? Ni da ko tsani ba na hawa?"

"Ai turmi ne, ba ya tashi. In ya tashi ma ki riƙe ni."

Na zauna da ke a cinyata, ta fara koya min. Murfin tukunyar shi ne sitiyari: in ka jawo shi wajen ƙirjinka hancin jirgi ya ɗaga, in ka tura shi hancin ya sunkuya, in ka murɗa shi jirgin ya karkata. Muciya ita ce totur, kamar dai na babur, in ka tura inji ya ƙara wuta, in ka jawo ya rage. Silifan nan kuwa da su ake juya jirgi a ƙasa, a sama kuma su ke daidaita wutsiyarsa. Ummi, ba zan iya faɗa miki yadda abin ya shiga raina ba. Ni da tunanina bai wuce miya da wanki ba, sai ga ni ina tuƙa tuwo ina jawo muciya ina cewa na rage wuta. Ina shanya ina kallon shirwa yadda take karkata fiffike in za ta juya, ina kiran Bilki ta zo ta ga ashe ita ma haka take yi. Kullum bayan an gama aikin safe sai mu hau turminmu. Ita tana faɗin abin da take yi da Turanci, ta sake faɗa min da Hausa: na rage wuta, na saita titi, na sauke ƙananan fukafukai, ina kallon ƙarshen titi, na jawo kaɗan, na riƙe, na riƙe, taya ta taɓa. Babanku in ya shigo ya gan mu sai ya tsaya a zaure ya ce:

"A ba ni izinin wucewa, kada jirgi ya take ni."

Hajiya tana daga ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, kuma ban taɓa ganin ta tashi ta bar wurin ba.

A cikin wannan wasa na lura da wani abu. Muddin ina zaune a damanta, Bilki ba ta kuskure, bakinta da hannunta tafiya ɗaya suke yi. Amma da zarar kin yi kuka na miƙe, ko na ce bari in duba tukunya ki ci gaba, sai in juyo in ga ta ajiye murfin a cinya tana kallon ƙasa. Na gwada ta da gangan na sake gwadawa, haka dai. Rannan muna wanke-wanke a bayan kicin na ce mata:

"Bilki, ke fa kin iya saukar nan. Kujerar dama ce ba kya so ta zama babu kowa."

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya kafin ta yi magana. Ashe a makarantar babu wanda ake ba shaidar tuƙi sai ya tashi shi kaɗai ya zagaya ya sauka, malami yana ƙasa yana kallo. Tun ranar da malamarta ta ce mata ta kusa kai wa wannan mataki, hannunta ya daina yi mata biyayya.

"In na gyara saukar, za ta fita ta bar ni. In ta fita na tashi, na karya maganar Hajiya. Matar Yaya, ta yaya zan hau sama da saɓon uwa a wuyana?"

"To ki faɗa mata mana."

"Na fara, ta ce in maganar kaɗaici ce kada in ƙarasa."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Da hantsi na je na durƙusa gaban Hajiya na jawo kwanon gyaɗa ina taya ta, na kwashe komai na faɗa mata. Na ce yarinyar nan ta gwammace a kore ta da ta taka maganarki, kuma korar ta za a yi. Hajiya ta ci gaba da ɓara kamar ba ta ji ba. Can ta ɗago ta dube ni.

"Rabi, ke kin taɓa hawa abin nan?"

"A'a, Hajiya."

"To da bakin wa kike roƙo? Bilki yarinya ce, komai a wurinta mai sauƙi ne. Malamarta kuwa aikinta take karewa. A duk gidan nan ke kaɗai ce in kin ce abu ba shi da haɗari zan yarda, don ke ko inuwarki ba ki amince da ita ba. Ki je ki hau. Ki riƙe abin da hannunki. In kin sauko kin ce min mutum zai iya shi kaɗai, na janye maganata."

Na san abin da ta yi. Ta ɗora sharaɗin a kan wadda ta tabbata ba za ta iya ba. Na dube ki kina kwance a tabarma kina wasa da ƙafarki. Sai kawai na ji bakina ya ce:

"To, Hajiya."

Da Bilki ta buga wa malamarta waya, har daga inda nake ina jiyo dariyar matar. Ta ce dama akwai darasin tafiya mai nisa da ya rage wa Bilki, za ta nemi izini su yi shi zuwa Daura, kuma makarantar takan yarda a ɗan zagaya da dangin ɗalibi. Babanku da aka nemi yardarsa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga da gaske nake, ya ce ya amince. Aka ce akwai kujera in yana so ya bi mu. Ya ce ai ba zai yiwu a bar Hajiya a rana babu mai riƙe mata lema ba. Ku tambaye shi wannan in ya sake cewa na yi ihu.

Bilki ta koma makaranta, ba a daɗe ba ranar ta zo. Da sassafe na shayar da ke har kika ture, na shanya barkonona a kan rufin kicin don hannuna ya samu abin yi, muka tafi ƙaramin filin da ke bayan gari. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, sama ta wanke tas, ko ganye ba ya motsi. Mun ɗan jima a tsaye sai muka ji ƙara kamar ta injin niƙa daga nesa, sannan muka hango shi. Ni da nake zaton wani ƙaton abu, sai ga ɗan jirgi fari mai ratsin shuɗi, bai fi ƙaramar mota ba, fukafukansa a saman kai, farfela ɗaya tak a hanci. Ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ya sake taɓawa ya sake ɗan tsalle, sannan ya zauna. Hajiya ta saki salati. Bilki ce ta sauke shi, kuma ta san uwarta na kallo.

Malamar ta fito, gajeriyar mace mai furfura a gefen kunne, mutuniyar Filato, sunanta Kyaftin Ladi. Ta russuna ta gaida Hajiya da Hausarta mai daɗi, sannan ta juyo.

"Ina Uwar Fargabar? Ke ce? Zo mu duba jirginmu."

Ta ja ni muka zagaya shi. Ta taɓa tayoyi, ta shafa farfela tana neman tsaga, ta motsa fukafukai sama da ƙasa, ta zaro sandar duba baƙin mai, ta taka ta leƙa tanki da idonta duk da akwai agogon da ke nuna mai a ciki. Ta tsiyayo man a ɗan ƙaramin kofi mai haske ta ɗaga shi sama, wai tana duba ko ruwa ya shiga. Na ce:

"Kyaftin, ba ku duba ba kafin ku taso?"

"Mun duba."

"Shi ne za ki sake?"

"Ko sau nawa zan tashi a rana, sai na sake. Wanda ya ce ai na duba ɗazu, ba na shiga jirginsa."

Ummi, daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Abin da ake yi min dariya a kansa tun ina yarinya, ashe akwai inda shi ne aikin. Na juya na ce wa babanku ka ji ko, ya yi kamar yana gyara lema.

Da lokacin shiga ya yi na kwance ki daga baya na miƙa wa Hajiya. Ta sa hannu, amma ban saki ba. Haka nake yi da kowa, sai mutum ya faɗa da bakinsa.

"Na riƙe ta, Rabi. Ni na haifi ubanta."

"Kin riƙe?"

"Na ce na riƙe!"

Kyaftin Ladi ta tafa hannu. Ta ce wa Hajiya ai haka suke miƙa jirgi a sama. Mai bayarwa ya ce na ba ki, mai karɓa ya ce na karɓa, mai bayarwa ya sake cewa kin karɓa, sannan ya cire hannu. Don kada a wayi gari kowa yana zaton ɗayan ne ke riƙe. Hajiya ta ce uhm, ta gyara miki hula.

Aka zaunar da ni a hagu, kujerar ɗalibi, Kyaftin a dama da nata sitiyarin, Bilki a baya. Aka ɗaure ni da bel, aka sa min abin ji a kan hijabina, sai ga muryoyinsu a tsakiyar kaina. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, na ƙara da duk wadda na iya. Inji ya tashi, jirgi ya ɗauki rawa, farfela ta ɓace don gudu. Kyaftin ta yi magana da wani ta rediyo, wani namiji ya amsa mata daga inda ban sani ba. Ta tura totur har ƙarshe, bayana ya manne da kujera, ciyawar gefe ta zama zare. Ina jiran in ji wani abu mai ban tsoro, sai kawai rugugin tayoyi ya ɗauke. Na leƙa. Inuwarmu ta rabu da mu tana gudu ita kaɗai a kan gonaki.

Ban yi ihu ba. Dariya na yi, irin wadda ba ka san ta zo ba, hawaye na zuba. Ga Daura gaba ɗaya a ƙarƙashina, rufin kwano na walƙiya, bishiyoyin darbejiya sun yi layi, gonakin gero da dawa kore shar kamar an shimfiɗa atamfofi an haɗa bakinsu. Shanu a bakin wani tafki kamar an watsa wake a faifai. Bilki ta nuna min hanyar Sandamu, ta nuna min ta Mai'adua da babura a kanta suna rarrafe, hanyar da nake hana cikina abinci saboda ita, ga ta 'yar siririya kamar igiyar shanya. Can gaba ta ce wajen Kongolam ke nan, bayansa Nijar. Na ware ido ina neman iyakar, ban ga komai ba sai gero a nan, gero a can. Da muka juyo ta kan unguwarmu na gane gidanmu kafin Bilki, don ga jan barkonona a kan kicin.

"Barkonona! Wallahi ga barkonona!"

"To mai barkono," in ji Kyaftin, "sa hannu. Na ba ki."

Na kama sitiyarin.

"Na karɓa."

"Kin karɓa."

Ta ɗaga hannayenta ta nuna min. Da farko na damƙe shi kamar mai tatsar saniya, jirgi ya dinga sunkuyawa yana ɗagowa. Ta ce in sassauta, yatsu uku sun isa, in daina kallon agogunan gabana in dubi inda sama ta haɗu da ƙasa. Na sassauta sai ya nutsu. Na murɗa hagu kaɗan, duniya ta karkata, na mayar, ta dawo. Ni Rabi! Murfin tukunyar nan dai ne, sai dai wannan yana amsawa.

Sai aka zo sauka. Kyaftin ta ce ita za ta kula da totur da abin takawa na ƙafa, ni in riƙe sitiyari, hannunta na kusa. Titi ya bayyana a gabanmu ƙarami, ya dinga girma. Duk abin da na haddace a kan turmi ya gudu ya bar ni. Na kafa ido a ƙasan da ke gaban hancinmu, na ga tana taso min da gudu, na fizgo sitiyari tun lokaci bai yi ba. Jirgi ya ɗaga hanci ya yi sama, wani abu ya fara ƙara a kunnena.

"Na karɓa," in ji Kyaftin, muryarta kamar mai neman a miƙo mata gishiri.

Na saki. Ta tura wuta, ta sunkuyar da hancin kaɗan, muka bi ta saman titi muka sake hawa. Na hango lemar babanku ta faɗi ƙasa. Kunya ta rufe ni, na ce na ɓata. Ta ce ban ɓata komai ba, abu na farko da take koya wa ɗalibi ke nan: babu wanda ya ce dole sai ka sauka a wannan karon. In ranka bai kwanta ba, ƙara wuta, zagayo, titi ba ya gudu. Ban taɓa sanin akwai aikin da aka yarda mutum ya ce raina bai kwanta ba, a kuma yaba masa ba.

Muka zagayo, ta sake ba ni na karɓa. Wannan karon Kyaftin ta yi gum. Ina jiran ta yi magana ba ta yi ba, titi kuma yana matsowa. Sai muryar Bilki ta shigo kunnena daga baya, irin muryarta ta tsakar gida.

"Matar Yaya, kin yi sama kaɗan, tura. Ya isa. Karkata dama, iska na tura ki. Yawwa. Kada ki kalli ƙasa, dubi ƙarshen titi, can wajen bishiyar. Kyaftin, a cire wuta. Tukuna, tukuna. Yanzu jawo kaɗan. Riƙe. Kada ki bar shi ya zauna, riƙe, ƙara kaɗan, riƙe."

Tayoyin baya suka yi ƙyit, na gaba ya biyo a hankali. Na ji hannun Kyaftin ya taimaka min a ƙarshe, ba zan ɓoye ba. Amma na saci kallonta, na ga ba titi take murmushi wa ba, Bilki take saurare. To kun ji gaskiyar wanda ya sauke jirgi. Bilki ce da bakinta, Kyaftin da ƙafafunta, ni hannu na ara musu.

Na fito bakina ya ƙi rufuwa. Hajiya ba ta bari na huce ba.

"To, ɗiyata. Tsakaninki da Allah. Akwai tsoro?"

"Akwai, Hajiya."

"Akwai haɗari?"

"Akwai. Ba zan ce miki babu ba. Amma ban taɓa ganin mutanen da suke girmama haɗari kamar su ba. Kuma Bilki ta iya. Tana bayana ba ta riƙe komai, ta san abin da jirgin zai yi kafin ya yi."

"Na ga kun zo sauka kun fasa."

"Ni na tsorata. Aka ƙara wuta aka sake zagayowa." Sannan na matso kusa da ita. "Hajiya, marigayi Baba ba shi da wanda zai kira. Ita akwai murya a kunnenta tun daga tashi har sauka. Ranar da za ta tashi, Kyaftin tana bakin titi da rediyo a hannu, idonta a kanta. Kujerar ce kawai babu kowa."

Hajiya ta juya. Ta dubi jirgin, ta dubi Bilki da ke tsaye kanta a ƙasa. Sannan ta ɗaga ki ta juyo min da fuskarki, kina tsotsar hannu.

"Wannan fa? In ta girma ta ce za ta hau ita kaɗai, za ki bar ta?"

Wallahi saukar jirgin ta fi min wannan sauƙi. Ko haƙori ba ki da shi. Na ga cewa in na ce a'a, duk abin da na faɗa ya zama don 'yar wani ce nake ganin sauƙinsa. In na ce e, na ɗaure kaina a gaban uwar mijina da mijina da baƙuwa. Nono ya zubo min ya jiƙa riga. Na ce:

"Zan bar ta."

"Kun dai ji ta," in ji Hajiya. Ta miƙo min ke, sannan ta kama hannun Bilki ta riƙe da nata biyu. "Yaya ma kuke cewa? Na ba ki."

Kyaftin ta taɓa kafaɗar Bilki.

"Na karɓa, Hajiya."

"Kin karɓa."

Sannan ta saki.

Ba a yi sati ba aka turo wa babanku bidiyo a waya. Ga ɗan jirgin ya sauko lafiya ko tsalle babu, ga Bilki ta fito ita kaɗai, ga abokan karatunta sun rufe ta da bokitan ruwa sun jiƙa ta sharkaf, wai al'adarsu ce ga wanda ya tashi shi kaɗai karon farko. Na yi guɗa har muryata ta dishe. Hajiya ta sa aka maimaita mata, ta share ido da gefen mayafi, ta ce wane marar tarbiyya ne ya jiƙa mata 'ya da sanyin safiya.

Ni kuwa tun daga ranar nake biyan maganata kaɗan-kaɗan. Tsorona bai tafi ko'ina ba, har yau ina komawa in taɓa risho. Ranar da kika fara hawa tsanin kicin, cizon leɓe na yi na tsaya a ƙasa. Ranar da kika ce ke kaɗai za ki tafi makaranta, na bar ki, ko da yake ina laɓe a zaure har kika sha kwana. Ban sani ba ko jirgi za ki so, ko wani abin da ni ban ma san sunansa ba. In lokacin ya zo kika ga na fara kame-kame ina kawo dalilai, ki tuna min na faɗa a gaban Hajiya. Zan ce na ba ki. Amma ki ɗaga murya ki amsa da kyau, don kin san halina, ba na saki sai na ji.